Fashin Baƙi: Shin Bidiyon Intanet Kaɗai Zai Iya Koya wa Mutum Kaɗa Jita da Yatsu?

Tunda ga darussan jita nan birjik a YouTube, akasarinsu kyauta, me zai hana mutum ya koyi kaɗa waƙa sukutum da yatsunsa ba tare da ya taɓa zama gaban malami ba? Wannan tambaya ta raba kan masu sha'awar jita. Wasu sun ce magana ta ƙare, waya ta maye gurbin malami. Wasu kuma, musamman waɗanda suka yi wata uku suna bin bidiyo sannan suka jingine jitar bayan ƙyaure ta yi ƙura, sun ce abin ruɗi ne kawai, kuma sai mai baiwa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma dukansu sun tsallake inda gizo ke saƙar. Bidiyo yana nuna maka inda yatsa zai sauka. Ba ya jin abin da ke fitowa daga jitarka. Duk nasara ko faɗuwar mai koyo ta wannan hanya tana rataye ne a kan yadda ya cike wannan giɓi.

## Mene ne ainihin kiɗan yatsu?

Hanyar da aka fi sani ita ce a riƙe ɗan siririn roba tsakanin babban yatsa da manuni, a riƙa sharar tsirkiyoyin gaba ɗaya sama da ƙasa, murya tana rera waƙa a kai. A nan jita rakiya take yi. Salon da Turawa ke kira fingerstyle ba wai ajiye robar ba ne kawai, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Mutum ɗaya ne da jita ɗaya ke yin aikin mutum uku a lokaci guda. Babban yatsa yana riƙe da amo mai kauri da bugun kiɗan. Manuni da na tsakiya da yatsan zobe suna fitar da karin waƙar, wato abin da murya za ta rera da akwai mawaƙi. Tsakanin waɗannan biyun kuma ana cusa ƙananan sautuka na cike gurbi.

Sai an san sunayen abubuwa kafin darasi ya yi ma'ana. Tsirkiyoyi shida ne, ana ƙirga su daga ƙasa: ta 1 ita ce mafi siranta, tana kusa da cinyarka, ta 6 ita ce mafi kauri, tana kusa da haɓarka. Saitin da aka saba, daga ta 6 zuwa ta 1, shi ne E, A, D, G, B, E, haruffan kuma sunayen sautuka ne. Ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan jita su ne ke raba shi gaɓa-gaɓa, kuma lambar gaɓa ake faɗa maka idan an ce danna 2 ko danna 3. Haɗin sautuka uku ko fiye waɗanda hannun hagu ke kamawa lokaci ɗaya shi ake kira kod. Za ka kuma riƙa ganin haruffa huɗu a kan allo, p, i, m, a. Daga Sifaniyanci suka fito: p babban yatsa, i manuni, m na tsakiya, a yatsan zobe. Rabon aikin farko shi ne p ya ɗauki tsirkiya ta 6 da ta 5 da ta 4, i ta 3, m ta 2, a ta 1.

## Asalin salon da yadda ya mamaye intanet

Salon ba shi da uba ɗaya. Akwai reshen Turai na jitar da a yau ake ɗaura wa tsirkiyar nailan, wanda ke da tsararrun darussa tun ƙarni na 19. Akwai reshen baƙaƙen fatar kudancin Amurka, irin su Mississippi John Hurt da Elizabeth Cotten, wadda bahaguwa ce, ta juya jitar dama ta kife ta, har ya zama manuninta ke riƙe amo mai kauri, babban yatsa na fitar da kari. Akwai Merle Travis na jihar Kentucky, wanda sunansa ya bi salon nan na babban yatsa mai kai-da-komo tsakanin tsirkiyoyi biyu, sai Chet Atkins da ya goge shi, sai Tommy Emmanuel ɗan Ostareliya da ke yawo da shi duniya a yau. A Afirka ma haka: Jean Bosco Mwenda a Kongo, Koo Nimo a Ghana, da Ali Farka Touré na Niafunké a Mali, wanda ya rasu a 2006. Da babban yatsa da manuni akasarin waɗannan suka gina kiɗansu.

An kafa YouTube a 2005. A ƙarshen 2006 bidiyon wani Ba'amurke, Andy McKee, yana kaɗa jita yana kuma bugun jikinta kamar ganga, ya zagaye duniya. A wannan shekarar ce kuma aka fara ɗora bidiyon Sungha Jung, yaro ɗan Koriya ta Kudu da aka haifa a 1996. Daga nan salon ya fita daga hannun 'yan tsiraru ya shiga kowace waya.

Wannan tarihi yana da illa guda da ba a cika faɗa ba. Abin da sabon mai koyo ke fara gani shi ne ƙololuwar sana'ar, aikin shekara goma ko ashirin a cikin minti uku. Da shi yake auna kansa tun makon farko, kuma irinsa yake nema ya fara koya.

## Kafin bidiyon farko, a duba jitar

Da yawa daga cikin waɗanda suka ce hannunsu ba na jita ba ne, jitar ce ta ci amanarsu. Babu malamin bidiyo da zai iya ganin wannan.

Abu na farko shi ne tazarar tsirkiya da wuya. Sa ma'auni a kan ƙarfe na 12, ka auna daga samansa zuwa ƙasan tsirkiya ta 6. A jitar tsirkiyar ƙarfe ana son milimita 2 zuwa 2.5. A jitar nailan, 3 zuwa 4 daidai ne. Jitocin araha sukan zo da milimita 4 ko 5 a kan tsirkiyar ƙarfe, kuma da irin wannan ko gwani sai ya sha wahala. Akwai gwaji mai sauƙi: sa kafo, wato ɗan matsin nan da ake maƙala wa wuyan jita, a gaɓa ta 1. Idan nan take danna tsirkiya ya yi sauƙi sosai, to ƙashin da ke saman wuya, wato ɗan sandan nan mai ramuka da tsirkiyoyi ke hayewa ta kansa, ya yi tudu, sai an zurfafa ramukansa. Idan kuma tazarar tana ƙaruwa ne yayin da kake gangarowa wajen cikin jita, ko dai ƙashin da ke kan gada, wato katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a fuskar jita, ya yi tsawo, ko wuyan ya lanƙwashe. A cikin wuyan jitar ƙarfe akwai sanda da ake juyawa da makulli don miƙe shi. Ba a wuce rubu'in juyi a lokaci ɗaya, kuma wanda bai taɓa yi ba gara ya kai wa mai gyara.

Na biyu, kaurin tsirkiya. A jikin fakiti za ka ga lamba kamar 12-53 ko 10-47: ta farko kaurin tsirkiya ta 1 ce, ta biyu na ta 6. Mai koyo ya fara da 10 ko 11, sun fi taushi a yatsa. Kada kuma a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka ƙera don nailan. Jan da tsirkiyoyin ƙarfe shida ke yi ya kai kusan kilo 70, na nailan kuwa kusan kilo 40 ne. Gadar za ta ɗago, wuyan ya karkace.

Wacce ta fi dacewa da kiɗan yatsu? Ta nailan tana da faɗin wuya, kusan milimita 52 a sama, saboda haka yatsu na samun fili kuma ba ta cin fata. Ta ƙarfe tana da kusan 43 zuwa 45, amonta ya fi kaifi, kuma ita ce za ka gani a yawancin darussan waƙoƙin zamani. Kowacce ka samu za ta yi, in dai saitinta ya yi kyau.

Farce kuma: na hannun hagu a yanke su ƙasa sosai. Na dama, wasu na barin milimita 1 zuwa 2 su leƙo bayan tsokar yatsa, a goge bakinsu ya yi santsi, wasu kuma da tsoka zalla suke kaɗawa. Farce na ba da amo mai haske, tsoka na ba da mai taushi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne farce mai kaushi, domin zai riƙa maƙale wa tsirkiya.

## Yadda ake karanta darasin bidiyo

Malamin da ke cikin bidiyo yana fuskantarka ne, don haka komai a juye yake. Wuyan jitarsa na nuna damarka, naka na nuna hagunka. Wannan kan rikita mutum a makonnin farko, shi ya sa darasin da ake ɗauka ta saman kafaɗar malami, ko mai nuna hannu biyu a rabe a kan allo, ya fi wanda aka ɗauka daga nesa amfani.

Yawancin darussa suna zuwa da rubutun da ake kira tab: layuka shida a kwance, da lambobi a kansu. Layin sama shi ne tsirkiya ta 1, mafi siranta, ba ta 6 ba, duk da cewa a jikin jita ta 6 ce a sama. Lamba tana nufin gaɓar da za a danna, 0 na nufin a kaɗa ba tare da dannawa ba, lambobi biyu a jere ɗaya bisa ɗaya na nufin a kaɗa su tare. Raunin tab shi ne sau da yawa ba ya faɗin tsawon kowane sauti. Yana gaya maka ina, ba ya gaya maka yaushe. Wanda ya dogara da shi kaɗai zai fitar da dukkan sautukan waƙa daidai, amma ko mai waƙar ba zai gane ta ba.

Kafin ka taɓa tsirkiya, duba bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. Shin an sa kafo, a gaɓa ta nawa? Shin saitin da aka saba ne? Waƙoƙi da yawa na wannan salo ana sassauta tsirkiya ta 6 daga E zuwa D. Wasu suna amfani da saitin D, A, D, G, A, D, wanda Davey Graham na Birtaniya ya yaɗa a shekarun 1960. Idan malami yana wani saiti kai kana wani, za ka danna duk inda ya danna amma abin da zai fito daban. Mutane kan kwana biyu suna zargin yatsunsu a kan wannan. Manhajar saita jita kyauta ce a waya, a yi amfani da ita duk lokacin da aka ɗauki jita, ba sau ɗaya a mako ba.

Sai maɓallin rage gudu. YouTube na bari a mayar da bidiyo 0.75 ko 0.5 ko 0.25 ba tare da amon ya sauka ba. A 0.5 ake ganin wane yatsa ne ya taɓa wace tsirkiya. A 0.25 sautin yakan dagule, sai dai don kallon hannu kawai.

## Babban yatsa: nan ne aikin yake

Idan akwai abu ɗaya da ke raba wanda ya iya da wanda ya haddace, to 'yancin babban yatsa ne. Dole ya riƙa tafiyarsa shi kaɗai, kamar taɓarya a hannun mai daka, ko me sauran yatsun ke yi. Ƙwaƙwalwa ba ta son haka da farko. Da zarar manuni ya motsa, babban yatsa sai ya tsaya jiransa. Darussan da ke koyar da waƙa kai tsaye ba sa tsayawa a nan, domin malamin ya wuce wurin shekaru da yawa har ya manta akwai shi.

Ga yadda ake gina shi. Kama kod ɗin C: yatsan zobe na hagu a gaɓa ta 3 ta tsirkiya ta 5, na tsakiya a gaɓa ta 2 ta tsirkiya ta 4, manuni a gaɓa ta 1 ta tsirkiya ta 2, ta 3 da ta 1 a sake. Kunna metironom, manhajar nan mai ƙirga bugu, a kan 60 a minti. Da babban yatsan dama kaɗai, kaɗa ta 5, ta 4, ta 5, ta 4, kowane bugu sauti ɗaya, kana ƙirga 1, 2, 3, 4 da baki. Kada ka ƙara komai. Yi haka minti biyar a rana har sai ka iya yin hira da wani yatsan bai tsaya ba. Ga wasu kwana uku ne, ga wasu mako biyu.

Mataki na biyu shi ne tsunkule. A bugu na 1 kawai, yatsan tsakiya ya kaɗa tsirkiya ta 2 a daidai lokacin da babban yatsa ke kaɗa ta 5, kamar mai tsunkular gishiri. Sauran bugu uku babban yatsa ya ci gaba shi kaɗai. Sautukan biyu su fito tare cif, ba ɗaya na bin ɗaya ba.

Mataki na uku shi ne mai wuyar, kuma shi ne zuciyar salon: sauti a tsakanin bugu. Yanzu ƙirgar ta koma “1 da 2 da 3 da 4 da”. Babban yatsa yana kan lambobi. Manuni ya kaɗa tsirkiya ta 3 a kan “da” ɗin da ke bayan 2. Idan wannan ya zauna, na tsakiya ya ƙara tsirkiya ta 2 a kan “da” ɗin bayan 3. A nan ne hannu ke rikicewa. Maganinsa rage gudu zuwa 50, ko 40, ko ma kashe metironom a yi motsin ɗaya bayan ɗaya har hannu ya gane jerin, sannan a mayar da bugun.

Bayan haka sai sauya kod ba tare da bugun ya yanke ba. A kan Am, babban yatsa na nan a ta 5 da ta 4. A kan G da Em yana komawa ta 6 da ta 4. A kan D, ta 4 da ta 3. Wanda ya iya zagaya C, Am, Em, G da wannan tsari a gudun 80 ba tangarɗa, ya riƙe makullin ɗaruruwan waƙoƙi, ko da bai koyi ko ɗaya ba tukuna.

Wata ƙaramar dabara: idan ka ɗora gefen tafin hannun dama a hankali kan tsirkiyoyi masu kauri dab da gada, amonsu zai gajarce ya yi dum-dum, karin waƙar ya fito fili a samansa.

## Yadda ake cin waƙa guda

Zaɓi waƙar da ka riga ka iya rerawa, mai kod uku ko huɗu, wadda ba ta buƙatar yatsa ɗaya ya danne tsirkiyoyi shida. Saurari kiɗan malamin sau da yawa ba jita a hannu. Sannan ka raba ta zango-zango, kowane zango bugu huɗu, ka ɗauki zango biyu kacal. Koyi aikin babban yatsa na wurin shi kaɗai, sannan karin shi kaɗai, sannan ka haɗa. Idan ka yi sau uku a jere ba kuskure, ƙara gudun metironom da 4 ko 5. Idan ka yi kuskure iri ɗaya sau biyu, koma baya. Hannu ba ya bambance daidai da kuskure, abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa.

Wurin da ake yawan faɗuwa shi ne mahaɗa. Mutum ya iya zango na 1 da na 2, ya iya na 3 da na 4, amma tsakanin na 2 da na 3 akwai ɗan shiru da yake neman wurin yatsunsa. Don haka kowane yanki a ƙare shi da sautin farko na yankin da ke biye. Kuma kada kullum a fara daga farkon waƙa. Masu yin haka suna da farko mai kyau da ƙarshe mai rauni, domin farkon ya sha maimaici sau ɗari, ƙarshen sau biyar.

Minti 20 zuwa 30 kowace rana sun fi awa uku ranar Asabar. Kan yatsun hagu zai yi zafi, kanta kuma takan fito cikin mako biyu zuwa huɗu. Wannan zafin na fata ne, yana wucewa. Zafin da ke cikin wuyan hannu ko gwiwar hannu, ko yatsu su riƙa yin sanyi suna mutuwa, wani abu ne daban: alama ce ta matsa wuyan jita fiye da kima ko lanƙwasa hannu da yawa. A ajiye jitar, a gyara zama, in ya ci gaba a ga likita.

## Abin da bidiyo ba zai faɗa maka ba

Malami na zaune kusa da kai zai kama waɗannan cikin minti biyar. A bidiyo, mutum na iya shekara da su.

Sauti mai zizar ƙuda ko wanda ya fito a dakushe yawanci ba ƙarancin ƙarfi ba ne. Yatsan ya yi nisa da ƙarfen gaɓa ne. A matso da shi dab da bayan ƙarfen, sai a ga rabin ƙarfin ma ya isa. Ko kuma cikin wani yatsa ne ke shafar tsirkiyar maƙwabciya, sai a ƙara tanƙwara yatsun su sauka da kansu.

Tsirkiya mai yin tas tana marin wuyan jita, wannan daga hannun dama ne. Mai koyo yana sa yatsa ƙarƙashin tsirkiya ya fizgo ta waje. Motsin da ake so daga gindin yatsa yake tasowa, ya ratsa tsirkiya ya nufi cikin tafin hannu, hannun kansa kuma bai yi tsalle ba.

Sai nutsewar kari. Babban yatsa ya fi sauran ƙarfi, tsirkiyoyinsa sun fi kauri, don haka yakan binne waƙar. Mai kaɗawa ba ya lura, saboda yana jin waƙar a cikin kansa. Mai sauraro kuwa gurnani kawai yake ji. Haka ma gudu: ana sauri a wuri mai sauƙi, a ja ƙafa a wuri mai wuya, ba tare da an sani ba.

Duk waɗannan maganinsu ɗaya, kuma yana cikin wayar da ake kallon darasin da ita. Jingine ta, ka ɗauki kanka a bidiyo na minti ɗaya, sau ɗaya a mako. Saurara da farko ba tare da kallo ba, kana tafa bugun da hannu, ka ji inda ya karkace. Sannan ka kalli hannunka ka gwada da na malamin. Yawancin masu koyo ba sa son yin wannan domin ba daɗi, amma shi ne kaɗai abin da ke tsaya wa kunnen malami.

A kuma tuna cewa bidiyon gwaninta da ake gani an zaɓo shi ne daga ɗauka da yawa, da makirufo mai kyau, an kuma ƙara masa amsa-kuwwa. Jitarka a ɗaki ba za ta yi wannan amon ba ko da hannunka ya kai nasa. Su kuma kayan ado, irin marin tsirkiya da babban yatsa a bugu na 2 da na 4, da bugun jikin jita, da siririn amon ƙararrawa da ake samu a saman ƙarfe na 12 da na 7 da na 5, duk suna da lokacinsu. Wanda ya ɗora su a kan bugun da bai zauna ba, hayaniya ya ƙara.

## Me kowane ɓangare ke cewa?

Masu goyon bayan bidiyo suna da hujja mai ƙarfi. A garuruwa da yawa babu mai koyar da wannan salo ko da kana da kuɗin biya. Bidiyo ba ya gajiya, ba ya fushi, za ka mayar da daƙiƙa goma sau hamsin. Akwai kuma malamai irin su Justin Sandercoe da suka jera darussa daki-daki tun daga riƙon jita, kyauta.

Masu cewa sai da malami suna nuni da abin da aka zayyana a sama, da kuma wani abu: rashin tsari. YouTube ba manhajar karatu ba ce, abin da zai riƙe idonka yake turo maka. Sakamakon shi ne mutum mai farkon waƙa goma sha biyar, ba shi da ko ɗaya cikakkiya. A ganina wannan ya fi kowace matsala kashe masu koyo, ya fi tsadar data, ya fi jita mara kyau. Malami ɗaya, jerin darussa ɗaya, waƙa ɗaya har ƙarshenta, sannan a matsa.

Akwai ɓangare na uku, tsofaffin makaɗa da suka koya da kunne. Su kukansu shi ne tab yana mayar da mutum mai kwafe: ɗauke masa allo, ya tsaya cik. Suna da gaskiya. Wanda ya san cewa zangon nan kod ɗin Am ne da kari a samansa, idan ya manta sauti ɗaya zai ci gaba. Wanda ya haddace lambobi kawai, in ɗaya ta ɓace duk ginin ya rushe.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, lissafin a fili yake. Darussan kyauta sun isa shekarar farko da ta biyu. Na kuɗi, waɗanda galibi da dala ake biya, abin da suke sayarwa shi ne tsari da rubutaccen tab, ba wani sirri ba. Don tsimin data, a kalli darasi sau ɗaya da hoto mai kyau, a kwafe tab ɗin zango huɗu a takarda da biro, a kashe waya a yi aiki da takardar. Kwafewar ma kanta koyo ce. Idan kuma akwai wani makaɗi a gari, ko na coci ne ko na ƙungiyar biki, zama da shi sau ɗaya a wata ya saurare ka ya fi sabon bidiyo ashirin.

## Jita da yanayinmu

Darussan da aka ɗauka a Turai da Amurka ba za su yi maka maganar hunturu ba. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A Kano ko Zinder, a tsakiyar hunturu, yakan sauka ƙasa da kashi 20. Katako sai ya tsuke: bakin ƙarafan gaɓa su fito suna yankar hannu, fuskar jita ta lotsa, tsirkiyoyi su fara ziza, a ƙarshe ta tsage. Jitar katako zalla, mai tsada, ta fi wadda aka yi da siraran fallayen katako da aka manna saurin lalacewa. A riƙa ajiye ta cikin jakarta, tare da ɗan soso mai laima da aka matse sosai aka sa a kwalin sabulu mai huji, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Kada a bar ta cikin mota a rana, domin zafi na sassauta gam ɗin gada. Da damina kuma akasin haka ne, katako na kumbura, tsirkiya na tsatsa. Goge su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa.

## Idan waƙar gida kake son kaɗawa fa?

A nan bidiyo ya kusa ƙarewa, domin da wuya ka samu tab na waƙar Hausa. Amma abin da aka koya yana aiki, da ɗan gyara. Kiɗan yankinmu da yawa a kan sautuka biyar yake tafiya, kuma bai cika sauya kod kamar na Turawa ba. Amo ɗaya mai kauri ne ke zaune a ƙasa, kari na yawo a samansa, kamar yadda ake ji a gurmi da molo, kuma kamar yadda Ali Farka Touré da makaɗan jitar Agadez irin su Bombino da Mdou Moctar suka ɗora a jita.

Ga wurin farawa a saitin da aka saba. Babban yatsa ya zauna a tsirkiya ta 5 a sake, wato A. Sautuka biyar ɗin su ne: tsirkiya ta 3 gaɓa ta 2, tsirkiya ta 2 gaɓa ta 1 da ta 3, tsirkiya ta 1 a sake da gaɓa ta 3, sai gaɓa ta 5 da ke mayar da kai A na sama. Rera layi ɗaya na waƙar da ka sani tun ƙuruciya, ka lalubo shi a cikin waɗannan wurare da manuni. Idan ya yi wa muryarka ƙasa ko sama, matsar da kafo maimakon sauya yatsu. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar kalmomin kansu za su nuna maka inda karin ya nufa.

Bugun ma sai an kula. Waƙoƙi da yawa na gida ba sa zama a ƙirgar huɗu da darussan Turawa suka saba da ita, a kan shida suke rawa. Ƙirga 1, 2, 3, 4, 5, 6, babban yatsa ya sauka a 1 da 4, kari ya cika sauran. Wani sautin kuma za ka ji bai zauna daidai kan gaɓa ba, yana tsakanin biyu. A irin wannan wuri ana ɗan tura tsirkiyar sama da yatsan hagu, ko a zame daga gaɓar ƙasa zuwa ta gaba, har ya yi daidai da abin da murya ke yi.